Surukina da Ya Ɗauke Wutar Garinmu

Ranar da muka yi zaman makokin surukina, ɗakin ƙasa na cocinmu da ke College Park, a Amurka, ya cika har wasu suka tsaya a matakala. Matan zumunta sun dafa shinkafa da gwate. An ɗora hotonsa a kan tebur, wanda ya ɗauka lokacin kamfe, yana cikin babbar riga, ya ɗaga hannu ɗaya sama.

Fasto ya ce mun yi rashin uba. Wani likita da ya zo daga Mitchellville ya ce marigayin ya kai haske ƙauyukan da ba su taɓa ganin ƙwan lantarki ba. Wani ɗan Nijar mai aiki a sashen Hausa na gidan rediyo, wanda Baba, wato surukin nawa, ya daɗe yana damunsa da waya a kan a yi hira da shi, ya miƙe ya ce shi dai bai taɓa ganin mai son siyasa kamar wannan dattijo ba. Ya ɗan yi jim kamar zai ƙara wani abu, sai ya zauna. Mijina ya yi kuka, kuka na gaske, irin na ɗan da ya rasa uba. ’Yarmu tana gefensa ta rungume hular kakanta.

Wata ’yar garinmu, nas ce kamata, ta kawo kular abinci ta ajiye, ta rungume ni, ta ce mini a kunne, "Saboda ke da maigidanki na zo. Kada ki taɓa cewa na zo saboda shi." Ba ta ko zauna ba ta fita.

Can sai Fasto ya ce, "Surukarsa, ke kika yi jinyarsa. Ko za ki ce wani abu?"

Na miƙe na gode wa kowa, na koma na zauna. Mutane suka ɗauka baƙin ciki ne ya hana ni ƙara magana. Abin da ban faɗa a wurin ba shi nake rubutawa yanzu, domin ba na so a manta da shi, kuma ba na so a tuna da wani mutum dabam a madadinsa.

Tun kafin in san ɗansa na san Baba. Kowa a yankinmu ya san shi. Ya fara tsayawa takarar kansila ya faɗi, kuma har ya mutu yana cewa maguɗi aka yi masa. Da farar hula suka karɓi mulki ya tsaya neman kujerar majalisar jiha, ya ci. Garuruwan mazaɓar duk sun bi shi ban da namu. Mu muna da namu ɗan takarar, kuma babana, wanda shi ne hedimastan firamarenmu, shi ya tsaya masa wakili a rumfar zaɓe. Ba a daɗe ba gwamna ya ga Baba zai fi yi masa amfani a waje, ya sa ya bar majalisa, ya naɗa shi shugaban hukumar da ke kula da wuta da ruwan karkara. Daga ranar sunansa ya ɓace, ya koma Ciyaman.

Lokacin ina aiki a ƙaramin asibitin garinmu. Muna da wuta tun kafin zuwansa. Ita ke juya injin da ke tura ruwa zuwa tanki, ita ke riƙe firij ɗin da muke ajiye alluran rigakafi. Wata safiya babbar mota ta shigo gari da ma'aikatan hukuma, suka kwance taransifoma suka ɗora ta a baya. Suka ce gyara za a kai ta. Bayan ’yan makonni masu zuwa cin kasuwa suka gan ta a kafe a garin da ke gaba da mu, an yi mata sabon fenti.

Dattawan gari suka tafi ofishin Ciyaman, babana na gaba. Ya bar su a kan benci tun safe har rana ta yi sanyi. Da ya fito bai tsaya ba, sai da ya shiga mota ya sauke gilashi, ya ce, "Ku je wanda kuka zaɓa ya ba ku wuta." Kafin a tafi hutu aka yi wa babana canjin wurin aiki zuwa wata makarantar da mota ba ta zuwa da damina.

Famfo ya ƙafe, mata suka koma rafi. Da ruwan sama ya sauka sai amai da gudawa suka shigo gari. Ba zan faɗi yawan yaran da muka binne ba, don ban ƙirga ba, ban kuma so in ƙirga ba. Ɗaya daga cikinsu ɗan yayata ne. Bai daɗe da fara magana ba. A cinyata ya cika, ina ta neman jijiya a hannunsa ban samu ba.

Zaɓen Baba na ƙarshe a gida shi ne na majalisar tarayya. Lokacin na riga na zo Amurka, amma an ba ni labari. Akwatin zaɓe bai iso garinmu ba sam, mutane suka yini a layi suka watse. Da aka karanta sakamako a rediyo sai aka ji garinmu kaf ya zaɓe shi. Yayata ta ce har waɗanda ke kwance a maƙabarta sun tashi sun dangwala masa. Bai gama ɗumama kujerar ba sojoji suka dawo.

Mai karatu zai ce to me ya kai ni auren ɗansa? A College Park muka haɗu, yana karatun injiniya, ni kuma ina neman takardar aikin nas ta nan ƙasar. Yaro ne mai sanyin hali, ba ya ko iya ƙorafi idan an ba shi canjin da bai cika ba. Ranar da ya gaya mini ko ɗan wane ne, na tashi na bar masa abincina a tebur. Ya yi ta bi na wata da watanni. Da maganar ta kai gida, babana ya aiko mini da cewa ba yaron ne ya tuƙo motar ba, idan ina son sa in aure shi. Baba kuwa ya ce ba da yawunsa ba. Ƙanin Baba ne ya je ya nemi aurena.

Sai ga Baba wata rana cikin tsananin sanyi a filin jirgi, da jaka ɗaya da babbar riga marar nauyi, yana rawar ɗari. Ya ce ɗan hutu ya zo yi kafin abubuwa su lafa a gida. Muka kawo shi gidanmu a Alexandria, can saman wani dogon bene. Muka fitar da gadon jaririyarmu daga ƙaramin ɗaki muka ba shi. Daga wannan ɗakin aka fitar da shi zuwa asibiti bayan shekaru.

Na durƙusa na gaishe shi ranar da ya zo, na ce, "Baba, sannu da hanya." Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Ke ce ’yar Hedimasta?" Haka ya kira ni har ƙarshen ransa.

Ga halayensa. Da safe sai ya yi wanka ya sa babbar riga da hula, ko da ba inda za shi, ya zauna bakin taga da rediyonsa yana juya ta yana neman labarin gida. Idan waya ta yi ƙara shi ke ɗauka, ya ce, "Ciyaman ke magana," ko da Baturiyar da ke shugabantar mu a asibiti ce ke nema na. Ya mallake maɓallin na'urar ɗumama gida. Idan na dawo aiki na ƙara zafi saboda yarinya, sai in ji murya daga falo, "Wa ya ba da izini?" Yana bin ɗakuna yana kashe fitilu a bayan mutane. Abin da ya fi yawan faɗa, ko ana hirar aure ko ta ƙwallo, shi ne, "Siyasa ba coci ba ce." Da wannan maganar yake rufe duk wata gardama.

Wata Lahadi muka yi baƙi bayan sujada. Injin markaɗe ya ƙi tashi, ina ta fama da shi a kicin. Baba ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Ku yi mata haƙuri. A garinsu ba su saba da kayan wuta ba." Wasu suka yi dariya don ba su san labarin ba. Waɗanda suka sani suka sunkuyar da kai. Mijina ya shigo kicin ya same ni na dafe bakin wurin wanke-wanke da hannu biyu.

Ya ce, "Don Allah, ki bar shi. Tsoho ne, kuma ba shi da kowa sai mu."

Na ce, "Yayata ma ba ta da wani ɗa namiji sai wancan."

Ya ɗauki tire ya kai wa baƙi da kansa. Yawancin zaman aurenmu a shekarun nan haka ya kasance, mijina yana ɗauke da tire tsakanin kicin da falo.

Wata rana Baba ya ga sanarwa a jarida cewa hukumar jihar nan mai sa ido a kan kamfanonin wuta za ta zo unguwarmu ta saurari jama'a a kan ƙarin kuɗin wuta. Ya ce lalle sai ya je ya gaisa da takwarorinsa. Mijina na aiki, ni ina hutu, dole ni na kai shi. Ya sa rigarsa mafi tsada. Ya zaci za a kai shi babban tebur. Wata yarinya a bakin ƙofa ta yi masa murmushi ta nuna masa kujerar ƙarfe a cikin jama'a.

Muna zaune wata tsohuwa baƙar fata ta taso tana dogara sanda, ta tsaya gaban makirfo. Ta nuna manyan da ɗan yatsa, ta ce ita da su wa ke yi wa wani aiki? Ta ce a ɗakinta da bargo biyu take kwana, su zo su kwana ɗaya su gani. Ta yi musu tas. Su kuwa suna ta rubutu, da ta gama shugabansu ya ce ya gode mata.

Ina kallon Baba ta gefen ido. Na yi zaton abin zai taɓa shi. A mota ya yi tsaki ya ce, "Waɗannan ba su san aikinsu ba. Mace ta tsaya tana nuna ka da yatsa a bainar jama'a, ka ce ka gode? Ni da kafin ta isa gida unguwarsu ta yi duhu."

Na ce, "Na sani, Baba."

Ya ce, "Kin sani mana."

Ko a nan bai bar takara ba. Ƙungiyar mutanen yankinmu mazauna nan ta tashi zaɓen shugaba, Baba ya ce shi zai tsaya. Ƙungiyar da aikinta bai wuce bikin Kirsimeti da taimakon wanda aka yi wa rasuwa ba, amma ya ɗauke ta kamar kujerar gwamna. Ya sa mijina ya yi ta yawo da shi gida gida a ƙarshen mako. Ya yi wa ɗalibai alkawarin aiki idan ya koma mulki. Ya bi ya tono wane ne takardunsa na zama ba su cika ba, ya riƙa yi musu gaisuwa ta musamman, yana cewa, "Yaya maganar takardun nan naka? Ina nan ina tunawa da kai." Abokiyar takararsa wata malamar makaranta ce, gwauruwa, wadda ita ke zuwa asibiti duba duk wanda ya kwanta.

A gidan likitan nan na Mitchellville aka yi zaɓen. Aka rarraba ’yan takardu, aka tara su a cikin kwanon miya, aka juye a tebur aka ƙirga a gaban kowa. Baba ya faɗi, faɗuwar da ko shi bai iya cewa maguɗi ba ne. Ya tashi bai yi wa matar barka ba, ya fita ya tsaya jikin mota.

A hanyar komawa muka hau gadar da ke ƙetare kogi. Baba ya ce daga kujerar gaba, bai juyo ba, "’Yar Hedimasta, wa kika zaɓa?"

Mijina ya ce, "Baba, ai ƙuri'a sirri ce."

"Ba da kai nake ba."

Na ce, "Ba kai na zaɓa ba, Baba."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Abin a jini yake."

Na ce, "I, Baba. A jini yake."

Ya daina cin abincina. Ya koma biredi da kifin gwangwani, yana ci a ɗakinsa, gida duk ya ɗauki ƙarni. Ban roƙe shi ba. Ranar da ya gaji ya fito ya zauna a tebur, na zuba masa tuwo, ya ci.

Zan faɗi alherinsa, don ban ɗauki alƙalami in yi ƙarya ba. Yana son ’yarmu. Shi ya sa take jin Hausa, ko da yake da Turanci take amsawa. Yana goya ta a kafaɗa ya zagaya da ita falo yana kiranta Gwamna.

Sai kuma abin da ya faru da babana ya zo. Yanar ido ta rufe masa gani, muka kawo shi a yi masa aiki. Ɗakunan kwana biyu kawai gare mu, dole tsofaffin nan biyu suka haɗa ɗaki ɗaya. Na yi ta fargaba. Ranar da ya iso suka gaisa kamar waɗanda suka haɗu a tasha.

"Hedimasta, an zo lafiya?"

"Lafiya lau, Ciyaman. Ya baƙunta?"

Ranar da za a fara duba babana aka hana ni hutu a wurin aiki, mijina kuma ya yi tafiya. Ina tsaye ina tunanin yadda zan yi, sai Baba ya fito da hularsa ya ce, "Je ki aikinki. Ni zan kai shi." Na leƙa ta taga na gan su a ƙasa, Baba ya riƙe hannun babana, yana gaya masa inda zai taka, suna tafiya a hankali zuwa wurin tsayawar bas. Haka ya riƙa kai shi yana dawo da shi har aka gama, bas da jirgin ƙasa, bai taɓa fashi ba. Shi ke ɗiga masa magani a ido, yana yi masa faɗa idan ya ƙifta.

Na tambayi babana ko sun taɓa tayar da tsohuwar magana. Ya ce, "Sau da yawa na ba shi hanya. Sai ya kama zancen farashin taki." Na ce to me ya sa yake yi masa wannan hidima? Babana ya yi dariya ya ce, "Yana son a ga shi ne mai ja, wani na bin sa. Amma dai ya ja ni, kuma ban faɗi ba." Da aka kai gawar Baba gida, mijina ya ce garinsu ya cika maƙil, daga garinmu kuwa mutum ɗaya ne ya je. Babana ne, da sabon tabarau.

Ciwon shanyewar jiki ya sami Baba ne da rana tsaka, yana bakin taga. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Da aka sallamo shi daga asibiti aka ce mu kai shi gidan kula da tsofaffi. Mijina ya dube ni bai iya roƙo na ba. Na ce a kawo shi gida. Ba don ina son sa ba. Uban mijina ne, ni kuma aikina ke nan, kuma ban iya tunanin a ce a garinmu ’yar Hedimasta ta jefar da surukinta ga baƙi ba. Na rage kwanakin aiki. Ni ke juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, ni ke aske masa gemu, ni ke ba shi abinci a baki. Maganarsa ta dawo kaɗan kaɗan, da nauyi, amma ana ganewa. Hankalinsa kuwa bai taɓu ba ko kaɗan. Har lokacin yana tambaya ko sojoji sun sa ranar zaɓe.

Wata safiya ina ba shi kunu, gidan shiru, mijina ya kai yarinya makaranta. Na ga yadda ya rame, wuyansa kamar na yaro. Na ce a raina mutumin nan ya kusa, kuma idan ya tafi ban tambaye shi ba, zan riƙe abin har nawa kabarin. Na ajiye cokali.

Na ce, "Baba, ka san abin da ya faru a garinmu bayan an ɗauke taransifoma?"

Ya dube ni da idonsa mai kyau.

Na ce, "Ruwa ya tsaya. Yara suka sha na rafi. Ɗan yayata a cinyata ya mutu. Ko an taɓa gaya maka?"

Ya daɗe yana motsa baki. Na matso da kunnena. Wallahi a shirye nake. Da ya ce bai sani ba, da na karɓa. Da ya ce gwamna ne ya sa shi, da na karɓa. Ko hawaye ɗaya ya zubo, da ya ishe ni in kai wa yayata.

Ya ce, "An gaya mini."

Na jira.

Ya ce, "Da kun zaɓe ni."

Na zauna ina kallon sa, shi ma yana kallo na, babu alamar tsoro ko kunya a fuskarsa. Amsa ya ba ni, irin wadda yake ganin kowane mai hankali zai gane. Kunun ya fara hucewa. Na ɗauki cokali na ci gaba da ba shi har ya shanye, na goge masa baki, na gyara masa matashi.

Bai ƙara wata guda ba ya cika, da yamma, mijina na riƙe da hannunsa. Ni na rufe masa ido.

Ban gaya wa mijina wannan maganar ba sai da ya dawo daga binne shi. Ya saurare ni har ƙarshe, ya rufe fuska da tafin hannu, ya ce, "Haka zai ce." Yayata kuwa har yau ban gaya mata ba, ban kuma san ko zan iya ba.

An koya mana mu yafe, ina kuma ƙoƙari, wata rana in ga kamar na kai, washegari in tashi in tarar da abin yana nan inda yake. Hukunci ba nawa ba ne, ya riga ya isa gaban Mai shi. Addu'ar da bakina ke iya yi masa da gaskiya guda ɗaya ce, ita nake yi: Ubangiji ya nuna masa jinƙan da shi bai nuna wa garinmu ba.